Wane suna za mu tsayar wa ciwon da Bature ke kira difireshan?

Masu fassara da masu sharhin littattafai, ku matso. Akwai littattafai da dama kan yadda wannan ciwo ya addabi marubuta da mawaƙa, amma duk mai son yin bayaninsu da Hausa tun a layin farko yake cijewa, don har yau ba mu tsayar da suna ɗaya ba.

Kafafen yaɗa labarai sun fi cewa "ciwon damuwa" ko "tsananin damuwa". Ni dai bai kwanta mini ba. Damuwa da dalilinta take zuwa: bashi, jarrabawa, jinyar ɗa. Dalilin ya kau, ita ma ta kau. To ku dubi William Styron, marubucin Amurka. A 1985 ciwon ya yi masa tsanani yana Paris, inda ya je karɓar babbar kyautar adabi. Mece ce damuwar mutum ranar da ake karrama shi? Ƙarshe sai da aka kwantar da shi a asibiti, kuma labarin ne ya zama littafinsa Darkness Visible na 1990. Ka ce wa mai karatu damuwa ce ta kama shi, zai ce ya yi haƙuri mana, kowa da tasa. Shi kansa Styron ya yi ƙorafi a littafin cewa kalmar Turancin ta yi wa ciwon sanyi, balle tamu.

Wani malami ya kawo "ciwon baƙin ciki". Allah ya gafarta malam, in aka ce wane ɗan baƙin ciki ne, ai hassada ake nufi. "Mutuwar zuciya" kuwa zagi ne, raggo ake faɗa wa.

"Taɓin hankali" ya yi faɗi, kuma yana kawo hoton da ba shi ba ne. Sylvia Plath, marubuciyar Amurka da ta yi fama da ciwon, ta rubuta waƙoƙinta mafi ƙarfi ne a watanninta na ƙarshe, ta rasu a Fabrairun 1963, wata guda bayan fitowar littafinta The Bell Jar. Basirarta ba ta je ko'ina ba, ɗanɗanon rayuwa ne ya gushe mata.

Bambancin nan tsakanin damuwa mai dalili da wannan ciwo ma tsoho ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: mai sanannen dalili, irin rashin masoyi, da wanda ke sauka ba dalili, tushensa a jiki, mai buƙatar magani. Na biyun muke nema wa suna.

Abin da na tsayar shi ne "ciwon ƙuncin rai". Ƙunci matsi ne, duniya ta yi wa mutum kaɗan, barci da cin abinci su rikice, abin da yake so da ya daina burge shi. Kalmar "ciwo" a gaba kada a yar da ita, ita ce ke nuna hanyar likita. Su likitoci sai alamomin sun kai aƙalla mako 2 suke kiransa ciwo.

Wata 'yar uwa ta ce za a rikita shi da ƙuncin rayuwa, wato talauci. Hajiya, rai daban, rayuwa daban. Bruce Springsteen, mawaƙin Amurka, ya cika filayen wasa da masu sauraro, kuɗi ba matsalarsa ba ce, amma a tarihin rayuwarsa na 2016 ya faɗi yadda ciwon ya danne shi bayan ya haura shekara 60.

Kada dai mu cusa Robert Schumann, mawaƙin Jamus, a wannan suna. Kay Jamison, masaniyar halayyar ɗan Adam, a littafinta Touched with Fire na 1993, ta sa shi cikin masu ciwon da ke hawa da sauka: a 1840 ya tsara waƙoƙi fiye da 100, a 1844 kusan ba abin da ya iya fitarwa. Wannan sunansa daban za mu nema, kuma ina jiran shawarwarinku.