Kukan da masu Hare Kirishna suke yi a tsakiyar waƙa: shauƙi ne ko iska?

Sani_Agege

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka karanci addinin Hindu ce. Masu Hare Kirishna ɗin nan da suke fitowa titi a nan Legas da ganga da 'yan fayafayan tagulla, Indiyawa da 'yan ƙasa a haɗe, in waƙa ta yi zafi sai ka ga wani yana zubar da hawaye, wani jikinsa na ɓari, wani ma ya zube ƙasa. Gardama ta kaure a tsakanin ma'aikatanmu na Ilupeju: wasu sun ce bori ne irin nasu, wasu sun ce wani abu suke sha. Mene ne ainihin abin a wurinsu? Koyonsa ake yi ko da kansa yake zuwa? Kuma su kansu yaya suke bambance na gaske da na ƙarya? Muna zaman tare da mutanen nan, bai kamata mu riƙa faɗin abin da ba haka yake ba a kansu.

Malam Bashir Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Duka biyun ba su faɗa daidai ba. Zancen shaye-shaye shi ya fi saurin rushewa, domin duk wanda zai ɗauki alkawari a ƙungiyar nan sai ya yarda da sharuɗɗa huɗu: ba nama ko kifi ko ƙwai, ba caca, ba zina, ba abu mai gusar da hankali, kuma a lissafinsu har shayi da kofi da taba suna ciki.

Bori kuwa, ai kun san iska ce take hawan mutum, ta ture shi gefe, ta yi magana da bakinsa, mai garaya ya san taken kowace. A nan babu mai hawan kowa. Akwai irin wancan a Indiya, kamar Teyyam na Kerala, amma wani fage ne dabam. Abin da kuka gani sunansa bakti, wato bauta ta hanyar ƙauna, kuma ginshiƙinsa shi ne mai so ya zauna a matsayinsa na mai so, abin so ya zauna a nasa. In biyun suka narke suka zama ɗaya, soyayya ta mutu ke nan. Shi ya sa wannan ɓangare ba ya jituwa da malaman Hindu masu koyar da cewa rai da Ubangiji abu guda ne.

Ƙungiyar ita kanta sabuwa ce, a 1966 Prabhupada ya kafa ta a New York. Amma tushenta Caitanya ne, wanda aka haifa a Nabadwip ta ƙasar Bengal a 1486, ya ƙarasa rayuwarsa a Puri. Shi ya fito da rera sunayen Kirishna kan titi cikin jama'a, abin da suke kira sankirtan. Almajirinsa Rupa Goswami, da ya zauna a Birindaban, inda labarin ƙuruciyar Kirishna ya faru, shi ya rubuta wa abin ƙa'ida a littafinsa Bakti-rasamrita-sindu, ya kammala a 1541. A ciki ya ƙirga alamomin jiki takwas: sandarewa, zufa, tashin tsikar jiki, sarƙewar murya, karkarwa, sauyin launin fata, hawaye, da suma.

Ga inda abin yake da daɗin nazari. Takwas ɗin nan ba Rupa ya ƙirƙiro su ba. Daga tsohon ilimin wasan kwaikwayo na Indiya ya ɗauko su, inda ake koya wa ɗan wasa yadda zai nuna motsin zuciya a dandali. Ashe tun farko ya san ana iya kwaikwayonsu, kuma bai ɓoye ba. Ya ce mai zuciya mai santsi, irin wanda komai ke sa shi kuka, da kuma wanda ya yi ta gwadawa har ya ƙware, dukansu suna iya zubar da hawaye tsikarsu ta tashi alhali ba komai a ciki. Saboda haka a wurin masanansu hawaye ba ma'auni ba ne.

Ma'aunin a hali yake. Rupa ya kawo alamomi tara na wanda ƙaunar ta fara tsiro a zuciyarsa, kuma ko ɗaya ba a ganinta a filin rawa. Za a ga yana danne zuciya a inda ya kamata ya fusata, ba ya bari lokaci ya tafi a banza, kwaɗayin duniya ya sake shi, ba ya neman a girmama shi ko da ya cancanta. Sauran sun shafi fata da ɗoki da rashin gajiya da ambaton sunan da son wuraren da labarin Kirishna ya faru. Mutumin da ya suma da yamma, gari ya waye yana zagin yaron shagonsa a kan canji, malamansu za su ce inuwar abin ce ta gifta masa.

Hajiya Rabi Obalende

Malam Bashir ya yi bayanin kai, bari in kawo na ƙafa, tunda an tambaya ko koyo ake yi. Ba a koyon sumar. Abin da ake koyo aiki ne mai lissafi, kullum, kuma mai gajiyarwa.

Carbinsu ƙwaya 108 ne, galibi na itacen tulsi, da babbar ƙwaya guda a sama wadda ba a ja a kanta kuma ba a tsallake ta. In an iso ta sai a juya carbin a komo ta inda aka fito. Da babban yatsa da na tsakiya ake riƙe ƙwaya. Manuniya ba ta taɓawa, shi ya sa jakar carbin take da ƙofa a gefe inda yatsan yake leƙowa waje. Kowace ƙwaya ana karanta mata baiti guda mai kalmomi 16, Hare sau 8, Kirishna sau 4, Rama sau 4. Wanda ya ɗauki alkawari zagaye 16 ne a kansa kowace rana, wato baiti 1,728, suna 27,648. Zagaye ɗaya yakan ci minti 6 zuwa 8, jimilla wajen awa biyu. In mutum yana gamawa a minti 4, haɗiye kalmomi yake yi; in yana kai minti 12, ko barci ne ko hankali ya tafi kasuwa. Sharaɗin shi ne harshe ya furta, kunne ya ji. Lokacin da suka fi so yana farawa minti 96 kafin fitowar rana, a Legas kenan tsakanin ƙarfe biyar da biyar da rabi gwargwadon watan, kusan lokacin da ladanai suke kira.

Matakan da Rupa ya jera tara ne: amincewa ta farko, zama da mutanen kirki, fara aiki a hannun malami, kakkaɓe miyagun ɗabi'u, tabbata, ɗanɗano, shaƙuwa, sannan abin da suke kira bhawa da yarensu, wato hudowar ƙauna, sannan prema, cikarta. Ku lura, abin da yake kawo hawayen gaske a mataki na takwas yake. Yawancin mutane a na uku da na huɗu suke shekaru.

Wani malaminsu na baya, Wishwanata Cakrawarti, ya tsaya sosai a kan inda ake tuntuɓe. Sabon shiga yakan zo da zafin nama, yana ganin ya riga kowa. Daga nan aikin ya riƙa kauri yana tsinkewa, yau zagaye 20, gobe 3. Sai wasi-wasi: in bar iyali ne, in zauna ne? Sai alkawarin da ake ɗauka ana karyawa. Na ƙarshe shi ya fi haɗari, lokacin da mutane suka fara yabonsa suna kawo masa kyauta, ya shagala da kumfar ya manta ruwan. A cikin jan carbin kansa ya ambaci cikas biyar: gyangyaɗi, watsewar hankali, kasala ba dalili, tasowar tsohon hali kamar fushi da haɗama, da tunanin daɗin duniya. Maganin da suke bayarwa ba na sirri ba ne: kwanciya da wuri, rage cin dare, tashi tsaye ko tafiya in barci ya zo, ɗaga murya kaɗan, da ja cikin jama'a.

Shi kuwa kirtan na titi gininsa aka yi don ya motsa jiki. Jagora ya rera, jama'a su amsa. Ganga mai baki biyu, miridanga, tana farawa a hankali. Fayafayan, kartal, suna bugun ɗaya-biyu-uku. Ana ƙara sauri mataki-mataki har a kai ƙololuwa, a yanke, a sake daga ƙasa. In jagora ya yi gaggawar hawa, jama'a sun gaji kafin minti goma. In masu kartal suka danne murya, kalmomin sun ɓace, saura hayaniya. Kuma a ranar Legas, wanda ya yi awa biyu yana tsalle a kan kwalta ya faɗi, a fara kai shi inuwa a ba shi ruwa kafin a yi masa fassara.

Abu Hanifa Mile 12

Gyara kaɗan, Hajiya da Malam. Kada mai karatu ya ɗauka bakti duka na Bengal ne ko na Kirishna ne kaɗai. Ya girmi Caitanya da ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Tamil ta kudu, tsakanin ƙarni na 6 da na 9, an yi mawaƙa 12 masu bautar Wishnu da ake kira Alwar, waƙoƙinsu baiti 4,000, mace ɗaya a cikinsu, Andal, wadda har yau ake rera baitocinta 30 da asuba daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu. Masu bautar Shiwa suna da nasu 63, Nayanar. A Maharashtra, mabiya Tukaram suna takawa a ƙasa wajen mako uku zuwa Pandarpur kowace damina. Ramakirishna na Kalkata, wanda ya rasu a 1886, abar bauta mace mai suna Kali yake kira uwa.

Ko tambayar Malam Sani ta "koyo ko kyauta" ta raba mabiya Ramanuja, wani babban malamin masu bautar Wishnu a kudancin Indiya, gida biyu. Ɓangare ɗaya suka ce kamar ɗan biri ne, uwa tana ɗauke da shi amma sai ya riƙe ta da hannunsa. Ɗayan suka ce kamar ɗan kyanwa ne, uwa ce take ɗaukarsa da baki, shi nasa sakin jiki kawai.

Sani_Agege

Allah ya ƙara sani. To Malam Bashir, da na ji ana maganar hawaye da ambaton suna, sai zuciyata ta tafi wajen bege da zikirin bandiri. Daidai ne a ce abu ɗaya ne? Kuma me ya kawo hoton mace kusa da Kirishna a kan keken da suke ja?

Malam Bashir Idi-Araba

A'a Malam Sani, kada a ce ɗaya ne. Ba a yi wa kowane ɓangare adalci ba. Kamannin a jiki yake: maimaita suna, carbi, amshi, kiɗan da ke hawa, har da gargaɗin malamai a kan riya. Ɗan Adam ɗaya ne, hanyar da zuciya take bi ta girgiza jiki ba ta da yawa. Amma abin da ake fuskanta ya sha bamban. Su suna bauta wa Ubangiji mai siffa, mai labarin yarinta da ƙuruciya, suna tsayawa gaban mutum-mutumin da suke kira murti, suna yi masa wanka da sutura da abinci. Wannan ga Musulmi iyaka ce bayyananniya, kuma su ma ba za su yarda a share siffar don a daidaita ba, domin a wurinsu ita ce zuciyar abin.

Hoton kuwa, sai an duba. In siffofi uku ne masu manyan idanu, Jagannat ne, wato wata siffa ta Kirishna, da wansa Balarama da ƙanwarsu Subadra, irin na bikin keke na Puri. In saurayi ne mai sarewa da budurwa a gefensa, Kirishna ne da masoyiyarsa Radha.

Radha tana buƙatar bayani, don a nan ne baƙo ya fi ɓata. Rupa ya kasa dangantakar mai bauta da Kirishna gida biyar: natsuwa ta mai kallo daga nesa, hidimar bawa, abota, ƙaunar iyaye ga ɗa, da ƙaunar masoyiya. Kowace ta gaba tana ɗauke da abin da ke cikin ta baya da ƙari, kuma tsoro yana raguwa yayin da kusanci yake ƙaruwa. Uwa tana iya tsawata wa ɗanta, abin da bawa ba zai yi ba. Ta biyar ita ce ƙoli, misalinta matan makiyaya na Birindaban da labarinsu ya zo a kashi na 10 na littafin Bagawata Purana, babi na 29 zuwa 33: suka ji sarewa da dare, suka bar madara a kan wuta suka fita. Da girman kai ya shige su, sai Kirishna ya ɓace musu, suka shiga daji suna tambayar itatuwa.

Wannan ɓacewar ita ce mabuɗin kukan. Sunanta wiraha, zafin rabuwa, kuma a wurinsu tana zurfafa ƙauna fiye da haɗuwa. Mai kuka a kirtan, in na gaske ne, yawanci ba murnar samu yake yi ba, rashi ne yake cinsa. Kalmarmu ta bege ta fi kowace kusa da wannan ma'ana, in dai an tuna wa ake bege a kowane ɓangare. Malamansu suna hana sabon shiga zurfafa cikin waɗannan babobi, don wanda sha'awa ba ta sake shi ba zai karanta su da idon sha'awa, kuma an yi ƙungiyoyi a Bengal da suka mai da labarin aikin jiki, manyan malaman suka yi tir da su.

Hajiya Rabi Obalende

Ƙari ɗaya, tunda a irin wannan fita sukan raba abinci, kuma za a miƙo wa na gefen titi. Sunansa prasad. Ba nama a ciki, ba ƙwai, ba albasa, ba tafarnuwa. Yawanci shinkafa ce da wake ko alawar gari da man shanu. Mai dafawa ba ya ɗanɗanawa, domin sai an fara ajiye shi gaban murti an yi addu'a kafin a juye a babbar tukunya a raba. Wanda ba ya cin irin wannan ya san haka tun kafin ya miƙa hannu. Ya haɗa tafukansa ko ya dafa ƙirji ya ce ya gode, za su wuce zuwa na gaba.