Don Allah ya zan yi makauniya ta iya karanta littafina a waya?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da littafina a WhatsApp, PDF ne. Jiya wata baiwar Allah ta biya kuɗinta na tura mata, can da daddare sai ga saƙon murya wai ita bata gani, wayarta ce ke karanta mata, kuma ta buɗe littafin shiru kake ji ko kalma ɗaya wayar bata furta ba. Wallahi kunya kamar in nutse, ni ban ma san waya na yi wa mutum karatu ba. Na ce zan mayar mata da kuɗinta ta ce ita ba kuɗi take so ba littafi take so. Me zan yi?

Mai shagon kwamfuta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki danna kalma ɗaya a ciki ki riƙe, in ta yi shuɗi har za a iya kwafa to rubutu ne, in bata yi ba hotunan shafuka aka tara miki aka kira shi PDF.

Maman Husna:
Bata yi ba. Bugun takarda ne na kai kafe suka min sikanin.

Ɗan Gindiri:
To ai shi ke nan Anti, hoto kika tura mata, mu kuma hoto da bango duk ɗaya ne a wurinmu. Ni ma makaho ne, TalkBack, manhajar da ke karanta min rubutun waya da murya, nake amfani da shi a Android, masu iPhone nasu VoiceOver, a kwamfuta kuma NVDA wanda kyauta ne. Ki nemo fayil ɗin Word na asali wajen wanda ya miki tayipin ki bata shi, ko a mayar da shi EPUB, wato fayil ɗin littafi na karantawa a waya ko kwamfuta.

Amma ki duba wani abu, masu tayipin da yawa har yanzu tsohon font suke sa wa ƙ da ɗ da ɓ, a idonki ƙasa kike gani amma abin da ke ƙarƙashi }asa ne, kalmar ɗaya kuma ]aya, sai manhajar ta tsaya tana kiran sunan alamar da Turanci kafin ta ce "asa", dama ga muryar Bature ce ke ta fama da Hausar, shafi biyu kanka ya ɗau zafi. A sake su da haruffan Unicode irin na kibod ɗin Hausa na Gboard. Sunan kowane babi a sa shi a matsayin kan magana a Word ɗin, ba ƙara girman rubutu kawai ba, da shi muke tsallakawa babi na 15 ba sai mun faro daga bismillah ba. Sannan don girman Allah marubuta ku rage jera fulawoyi da zuciyoyi a saman shafi, ɗaya bayan ɗaya ake karanto mana su.

Ummu Affan:
Hmm ni dai tsorona Word ɗin nan, kafin gari ya waye ya zaga gurup goma kyauta.

Ɗan Gindiri:
Yaya ai PDF ɗin ma zagawa yake. Kuma akwai yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, Najeriya ta amince da ita a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta bada damar a juya littafi yadda makafi za su iya karantawa. Wannan kuma har kuɗi ta biya fa.

Maman Husna:
Na kira mai tayipin ɗin, ya ce yana cikin wani tsohon filash zai duba min gobe in sun samu wuta. Ɗan Gindiri in na samu zan fara turo maka babi ɗaya ka saurara min tukuna.