Kuɗin jirgin ƙasa tsakanin Makka, Jidda da Madina: yaya kuke yi?

Mazaunin Makka mai aiki a Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lokacin da jirgin Haramain ya fara jigila a 2018, an yanka wa kujerar gama-gari riyal 40 daga Makka zuwa Jidda da riyal 150 zuwa Madina, har aka yi rangwamen rabin kuɗi a watanni biyun farko. Daga baya harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a 2020, kuma yanzu farashin yana bin cunkoson matafiya, ya hau a Ramadan da lokacin aikin Hajji. Ni da nake sammako kullum, lissafin ya fi ƙarfin albashina, domin bayan tikiti sai na biya motar da za ta kai ni tashar Rusaifa a Makka, sannan wata ta ɗauke ni daga tashar Sulaimaniyya a Jidda zuwa wurin aiki.

Wani direba a Jidda: Wa alaikumus salam. Malam, hanyar ba ta kai kilomita 100 ba, saboda haka ku haɗu ku huɗu masu aiki a unguwa ɗaya ku riƙa karo-karon kuɗin mai. Ku dai guji motocin kaddad, tunda haya ce marar lasisi kuma ana cin tara a kai.

Wata uwa a Madina: Alhaji, taka mai sauƙi ce, kai kaɗai ne. Idan na tashi zuwa Umra da yarana da surukata, kowace kujera da kuɗinta, shi ya sa nake sayen tikiti ta waya tun makonni kafin tafiya, in zaɓi tsakiyar mako, in kauce wa daren Alhamis. Surukata na fama da ciwon baya, ba ta iya zaman bas na sa'o'i biyar ko shida, alhali jirgi yana cinye kilomita 450 cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci. Ita da jika ɗaya nake sa su a jirgi, mu sauran mu bi bas mu tarar da su a masauki.

Ɗalibi a Riyad: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Mu nan jirgin cikin gari da aka buɗe a Disambar 2024 riyal 4 ne na sa'o'i biyu, katin wata guda kuma riyal 140, ɗalibai na biyan rabi. Kai kuma Malam mazaunin Makka, ka bincika ko wurin aikinku na bayar da alawus na sufuri, ka nema a rubuce.