Filin unguwa za mu mayar wurin shan iska, ta ina za a fara?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum. Muna da fili a bayan garin Kano, mita 60 a 80, wanda aka ware wa jama'ar unguwa. Akwai tsofaffin tsamiyoyi biyu a ciki, da kududdufi a kusurwar kudu. Burinmu tsofaffi da makafi da masu keken guragu su riƙa shiga da kansu, ba sai an ɗauke su ba. Kuɗin hannu kaɗan ne. Me ya kamata ya fara cin su?

Injiniyan Gine-gine: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ruwa da hanya, kafin komai. Ku je filin bayan an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ku kafa turaku duk inda ya kwanta, kada hanya ta bi ta nan.

Faɗin hanyar ya kai mita 1.8 don kekuna biyu su wuce juna. Keken hannu mai ƙafa uku, wanda ya fi yawa a wajenmu, ya fi na asibiti tsawo, don haka a buɗa duk kwanar hanya sosai. Inda akwai tudu, duk hawan santimita 10 yana son gangaren mita 1.2. Dakali mai santimita 30 ke nan sai mita 3.6, da shimfiɗaɗɗen wuri a samansa. Magina sukan gajarta shi don tsimin siminti, sai keke ya riƙa komowa da baya.

Kada a zuba yashi ko tsakuwa, taya nutsewa take yi. Marmara kaurin santimita 15 ta isa, a zuba ta hawa biyu, kowane a yayyafa ruwa a daɓe da inji. A karkatar da ita gefe santimita 2 a kowace mita don ruwa ya sauka, a yi mata baki mai tsayin santimita 10 da sandar makaho za ta bi. Sannan ku duba kwatar bakin titi: in ba a rufe ta da silab ba, mai keke a waje zai tsaya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi wuraren jama'a irin wannan.

Malamin Gandun Daji: Tsamiyoyin nan su ne jarinku. Kada a daɓe ko a zuba siminti a ƙarƙashin inuwarsu, saiwa na buƙatar iska da ruwa. Darbejiya tana saurin ba da inuwa, amma a nisanta ta da hanya kamar mita 3, don saiwarta na ɗaga daɓe. Itacen turare ku bar shi, shan ruwa gare shi kuma inuwarsa ba ta da kauri. Gawo kuwa yana da ganye da rani, lokacin da ake neman inuwa, sai dai ƙayarsa na fasa taya, a kai shi bakin iyaka.

A dasa a watan Yuli, rami santimita 60 faɗi da zurfi, da ruɓaɓɓen taki, don ɗanye gara yake jawowa. Kowace bishiya a kewaye ta saboda awaki, a ba ta jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako har rani biyu. Tsakiyar filin a bar wa yara, ciyawar kiri-kiri na jure taku. Jema a bakin kududdufi tana riƙe ƙasa.

Malamar Makarantar Masu Buƙata ta Musamman: Malamai, kududdufin ne ya fi damuna. A katange shi tun ranar farko, yaro ko makaho ba ya ganin bakinsa idan ciyawa ta rufe. Benci duk bayan mita 50, tsayin santimita 45, da majingina da madafar hannu, in ba haka ba dattijo ya zauna tashi ya gagare shi. Ƙofar banɗaki santimita 90, tana buɗewa waje, na mata daban. Kuma kafin a zana komai, a kira masu keken da makafin unguwar su zaga filin tare da ku.

Injiniyan Gine-gine: Gaskiyarki, Malama. Ƙari ɗaya: kada ku matse ƙofa don hana babura shiga, duk ƙofar da ta hana babur ta hana keken guragu. A bar ta mita 1.2, a sa mai gadi. Takardar filin kuma ku kai ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a tabbatar da ita kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya.