Duba lafiyar kankaren gada ba tare da an fasa shi ba

Matashin injiniya, Abuja:
Assalamu alaikum, manyanmu. An ba mu aikin duba wata gada wadda ruwa ke ɗiga ta ƙarƙashinta da damina, yana barin jan tabo irin na tsatsa, alhali kwaltar da ke sama lafiyarta ƙalau. Ba za a amince mu rufe hanya muna huda kankaren ba. Ta yaya za mu san halin da cikinsa yake?

Tsohon ma'aikacin hanya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Tabon nan kada ka raina shi, domin idan rodi ya yi tsatsa yakan kumbura, sai ya ɗaga kankaren da ke lulluɓe da shi ya raba shi gida biyu, ido bai gani ba. A zamaninmu sarƙa muke ja a kan kankaren muna kasa kunne: mai lafiya ƙararsa tsaf take fita, wanda ya rabu kuwa sai ka ji kamar ana buga ganga. Sai dai kwalta tana shanye wannan sauti, saboda haka ka shiga ƙarƙashin gadar da guduma ka ƙwanƙwasa, ka shata wuraren da alli.

Injiniya daga Garki:
Na yarda da Baba, amma tunda akwai kwalta, na'urar rada mai leƙa cikin ƙasa ta fi dacewa. Tana nuna inda rodi yake da zurfinsa, kuma inda danshi ya yi yawa saƙon da take aikawa cikin kankaren yakan dawo da rauni. Ba ta ganin rabuwar kankaren kai tsaye. Kyamara mai auna zafi tana gano ta, domin wurin da ya rabu ya fi saurin ɗaukar zafin rana, amma tana bukatar busasshiyar gada da rana mai ƙarfi, don haka a kauce wa damina da ranakun da hazo ya yi kauri.

Malama mai koyar da aikin injiniya:
Don sanin ko tsatsar na ci gaba, a auna ƙarfin lantarkin da ke tsakanin rodi da fuskar kankare bisa ƙa'idar gwaji mai lamba ASTM C876. Idan awon ya zarce milibolt 350 a ɓangaren debewa, wato ƙasa da sifili, yiwuwar tsatsa ta haura kashi 90 cikin 100. Wannan kuwa sai an ɗan tona wuri guda an maƙala waya a jikin rodi, kuma ta ƙasa za ku yi shi tunda kwalta ta rufe sama. Ina roƙonka ka nemi izinin ciro kankare a wuri biyu ko uku da na'urorin suka nuna, domin a tabbatar da abin da suka faɗa kafin ka sa hannu a rahoto.