Malamina ya ce in ƙara sunan wanda bai yi binciken ba

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a nan Sakkwato. Mun kammala bincike kan zazzaɓin cizon sauro a jikin yara. Ni na riƙa zama da fayil-fayil bayan Isha'i, wani lokacin da hasken waya.

Yanzu mujallar da muka tura wa takardar binciken ta turo fom, kowane marubuci ya sa hannu cewa ya cika sharuɗɗa 4 na zama marubuci waɗanda ICMJE (kwamitin ƙasa da ƙasa na editocin mujallun likitanci) ya gindaya. Sai malamina ya ce in ƙara sunan wani babban likita. Shi likitan, izinin duba fayil kawai ya ba mu, ko takardar bai karanta ba.

Na kasa sa hannu, don ƙarya ce. Ga shi kuma jarrabawata na hannun malam. Don Allah yaya zan faɗa masa cikin ladabi? In na ce a sa sunan a sashen godiya, ya yi?