Muhawara: Shin adalci ne a sallami kocin da ya ci wasa 9 cikin 12?

Injiniya: Assalamu alaikum. Maganata a kan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ce, wadda ake bugawa tsakanin jami'o'i. Ga wanda bai saba da ita ba, kakar wasa ɗaya wasa 12 ce kawai kafin a shiga wasannin ƙarshe, filayen wasu jami'o'i kamar Michigan da Texas A&M suna ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jihar albashi. Matsayina shi ne burin magoya baya ya wuce gona da iri, kuma duk jami'ar da ta sallami kocin da yake ci mata wasa 9 a shekara don ta kwantar da hankalin masu ƙorafi, kanta take cuta.

Hujjata ita ce Nebraska. Tom Osborne ya ci musu kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997, sannan ya yi ritaya ya bar wa mataimakinsa Frank Solich ragama. Solich ya ci gasar rukuninsu, wato rukunin jami'o'in da suke fafatawa tare, a 1999, ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2001, kuma cikin shekara 6 ya ci wasa 58, aka ci shi 19. Duk da haka aka sallame shi a 2003, a shekarar da ya ci 9 cikin 12, domin mutanen da suka saba da zamanin Osborne suna ganin ƙungiyar tana komawa baya. Wanda ya gaje shi, Bill Callahan, a shekararsa ta farko ya ci 5 aka ci shi 6, abin da Nebraska ba ta gani ba tun 1961. Suka sake maimaitawa a 2014 da Bo Pelini, mutumin da bai taɓa cin ƙasa da wasa 9 ba a shekara 7 da ya yi. Bayan haka sai da suka yi daga 2017 zuwa 2023 a kowace shekara rashin nasara ya fi nasara yawa. Ina so wani ya gaya mini abin da magoya bayan Nebraska suka ƙaru da shi.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, duk abin da ka faɗa game da Nebraska gaskiya ne, amma ka zaɓi labarin da ya dace da ra'ayinka ka bar ɗan'uwansa. Jami'ar Jojiya ta yi daidai abin da kake zargi a 2015. Mark Richt ya shekara 15 yana horar da ƙungiyar, ya ci wasa 145, aka ci shi 51, ya ci gasar rukuninsu mai suna SEC sau 2, kuma kowa ya shaide shi da kyawun hali. An rabu da shi ne a shekarar da shi ma ya ci 9 cikin 12, kuma a lokacin mutane da yawa sun yi irin maganar da kake yi yanzu. Jami'ar ta ɗauko tsohon ɗalibinta Kirby Smart, wanda a lokacin yake mataimakin koci Nick Saban a Alabama. A shekararsa ta biyu ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa, sannan ya ci kofin a 2021 ya sake ci a 2022, bayan Jojiya ta yi tun 1980 ba ta ɗanɗana ba. Da an bi shawararka, da magoya bayan Jojiya suna nan suna ta haƙuri da wasa 9 ko 10 a shekara alhali jiharsu tana cikin waɗanda suka fi fitar da ƙwararrun matasan 'yan wasa a ƙasar. Ni a ganina mutumin da yake karɓar miliyoyin dala a shekara ba shi da bakin cewa an matsa masa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Injiniya: Hajiya, Jojiya ɗaya ce. Jami'o'in da suka yi wannan cacar suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa, kuma kofin ƙasa guda ɗaya ne a shekara, alhali jami'o'i fiye da 130 ne suke a babban mataki.

Dakta: Ina ganin ku biyun kuna magana ne a kan abu ɗaya, amma ba ku tsaya a inda bambancin yake ba. Wasa 9 a Jojiya da wasa 9 a Nebraska ba ma'anarsu ɗaya ba. Jojiya tana zaune a tsakiyar yankin da ake haifar 'yan wasa, birnin Atlanta yana kusa da ita, kuɗi yana nan, saboda haka idan koci ya shekara 10 bai ci gasar rukuni ba, akwai dalilin da za a ce kayan aikin sun fi sakamakon. Nebraska kuwa jiha ce mai mutane kusan miliyan 2, dole ta je nesa neman 'yan wasa, kuma abubuwan da suka ba ta fifiko a zamanin Osborne sun canza, tunda yanzu kusan kowace babbar jami'a ana nuna wasanta a talabijin, kuma kowa ya gina wuraren atisaye na zamani. Kuskuren Nebraska shi ne ta auna kocinta da 1995, ba ta auna shi da halin da take ciki ba. Don haka ba zan yarda da Injiniya ba cewa sallamar mai cin wasa 9 kuskure ne a ko da yaushe, haka kuma ba zan yarda Jojiya ta zama izini ga kowa ba. Aikin daraktan wasanni ne ya san matsayin jami'arsa na gaskiya, kuma abin takaici shi ne shi ma kujerarsa tana hannun attajiran tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa, waɗanda galibi su ne suka fi kowa rashin haƙuri.

Malam: Da izininku, ni na fi karkata ga Injiniya, kuma dalilina shi ne akwai manyan kociyoyin da ba za mu taɓa sanin sunansu ba da a wannan zamanin suka fara. Frank Beamer ya karɓi Virginia Tech a 1987. A shekararsa ta 6, wato 1992, wasa 2 kawai ya ci. Jami'ar ta bar shi a kan aikinsa, ya canza wasu mataimakansa, kuma daga shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ba ta sake rasa gayyatar wasan ƙarshen kaka ba har ya yi ritaya a 2015, a tsakani kuma ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 1999. Dabo Swinney ya ci 6 aka ci shi 7 a Clemson a 2010, ana ta kiran a kore shi, daga baya ya ci kofin ƙasa a 2016 da 2018.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru tsakanin Michigan da Ohio State, domin a nan ne za ka ga yadda wasa guda ɗaya yake rufe wa mutane ido. Jim Harbaugh, kocin Michigan na lokacin, ya sha kashi a hannun Ohio State sau 5 a jere, a 2020 kuma ya ci wasa 2 aka ci shi 4. Michigan ba ta kore shi ba, sai ta rage masa albashi ta ba shi dama, ya kuwa doke Ohio State shekara 3 a jere ya ci kofin ƙasa a kakar 2023 ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Sai abin ya juya kan Ryan Day na Ohio State. Michigan ta doke shi sau 4 a jere, na ƙarshe a Nuwamban 2024 da ci 13 da 10 a gidansa, magoya baya da yawa suka ce lallai ya tafi. Bai cika wata 2 ba ya doke Notre Dame ya ɗauki kofin ƙasa. Mutumin da a shekara 6 wasa 10 kacal aka ci shi, shi ake neman a raba da aikinsa. Hajiya, ina so ki gaya mini ko wannan ma neman haƙƙi ne.

Hajiya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ban goyi bayan zagi ko cin mutuncin mutum da iyalinsa ba, kuma duk wanda ya yi haka ya fita daga sahun magoya baya. Amma ka duba misalan naka da kyau. Beamer ya canza mataimaka ne bayan an nuna masa ba a gamsu ba. Harbaugh ya sauya mai tsara masa tsaron baya, ya kawo matasan mataimaka, bayan an taɓa albashinsa. Matsin da kuke kuka da shi yana cikin abin da ya tashe su tsaye. Kuma a Ohio, wanda ya karɓi wannan aiki ya san tun ranar farko cewa wasan Michigan ba kamar sauran ba ne, domin hamayyar ta faro tun 1897.

Barista: Akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, kuma shi ne ya sa tausayin babban koci ba ya kama ni sosai. Rashin tabbas na aiki yana da farashi, kuma kociyoyin sun riga sun karɓi kuɗinsa a cikin kwantiraginsu. Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher daga Florida State a ƙarshen 2017 a kan dala miliyan 75 na shekara 10. Da ya ci wasa 9 cikin 10 a 2020, sai aka ƙara masa kuɗi da shekaru har zuwa 2031. A 2022 ya ci 5 aka ci shi 7, a Nuwamban 2023 kuma aka sallame shi washegarin ranar da ya ci wasa da 51 da 10, jami'ar ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya daina aiki. Ed Orgeron ya ci wa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) kofin ƙasa a 2019 da wasa 15 ba a ci shi ba, kafin shekara 2 ta cika aka yi yarjejeniyar rabuwa da shi a kan kusan dala miliyan 17. Nebraska ta sallami Scott Frost a Satumban 2022 ta biya dala miliyan 15, alhali da ta jira zuwa farkon Oktoba da rabin kuɗin za ta biya.

Abin lura shi ne fushin magoya baya da zumuɗinsu tushensu ɗaya. Mutanen da suke matsa wa jami'a ta ƙara wa koci shekara 10 bayan kaka ɗaya mai kyau, don kada wata ta ƙwace shi, su ne kuma suke matsawa a kore shi bayan kaka biyu marasa kyau. Idan akwai laifin da zan ɗora wa burin magoya baya, a wajen tsawaita kwantiragi zan fara ɗora shi.

Injiniya: Barista, na yarda babban koci ba zai kwana da yunwa ba, amma ba shi kaɗai ake kora ba. Yana da mataimaka kusan 10, ga masu kula da motsa jiki da masu nazarin wasa da ƙananan ma'aikata, waɗanda yawancinsu kwantiraginsu gajere ne kuma babu miliyoyin da ke jiransu. Ga kuma yaro ɗan shekara 18 da ya bar garinsu saboda alkawarin da wannan kocin ya yi wa iyayensa a cikin falonsu. Shi wa ya biya shi diyya?

Dakta: Wannan tambayar tana da nauyi, sai dai tun 2021 lamarin 'yan wasa ya canza. Yanzu ɗan wasa yana iya sauya jami'a ya buga nan take ba tare da ya zauna shekara guda ba, kuma yana iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Wannan ya rage cutar da ake yi masa, amma kuma shi ne ya ƙara rage haƙurin magoya baya, domin hujjar nan ta cewa a ba koci shekara 4 ko 5 ya tara yaransa ta yi rauni. Curt Cignetti ya je Indiana, jami'ar da a lokacin ba a san ta da wannan wasa ba, ya zo da 'yan wasa da dama daga jami'ar James Madison da ya baro, ya ci wasa 11 a shekararsa ta farko a 2024. Daga ranar kowane mai ba da gudummawa ya samu abin nunawa. An kuma faɗaɗa gasar ƙarshe daga ƙungiya 4 zuwa 12 a wannan shekarar, wanda ake zaton zai sassauta wa kociyoyi, amma sai ya zama rashin shiga cikin 12 ɗin shi ne sabon laifi. James Franklin ya kai Penn State wasan kusa da na ƙarshe a Janairun 2025, a watan Oktoba na shekarar aka sallame shi bayan an ci shi sau 3 a jere.

Malam: To ai Dakta maganarka ta ƙarshe hujja ce gare mu. Wanda ya kai kusa da na ƙarshe a Janairu ba zai mance aikinsa kafin Oktoba ba.

Hajiya: Malam, Franklin ya fara aiki a Penn State tun 2014, kuma ƙorafin da ake yi a kansa ba na mako 3 ba ne. Shekara da shekaru yana doke ƙananan ƙungiyoyi, amma idan ya haɗu da Ohio State ko Michigan ko wata da ke cikin goma na farko, sau da yawa shi ake ci. An ba shi fiye da shekara 11, wato ya samu irin haƙurin da kuke nema wa Beamer har da ƙari. Idan Injiniya yana ganin wannan ma gaggawa ce, ina so ya faɗa mana shekara nawa ya kamata jami'a ta jira, da kuma abin da zai sa shi da kansa ya ce lokacin rabuwa ya yi.